Makonni Shida Tsakanin Daura da Katsina: Abin da Na Gani a Wata Cibiyar Hoto da Gwajin Cututtuka

Wannan bayani ne a kan wata cibiyar hoto da gwaje-gwajen lafiya mai zaman kanta da ke cikin birnin Katsina, wadda na shafe makonni shida ina zirga-zirga zuwa cikinta daga Daura, ina rakiyar kawuna, ƙanin mahaifiyata, a lokacin da ake neman sanin ainihin abin da ke cin hantarsa. Ba zan ambaci sunanta ba, domin zan faɗi inda ta gaza kamar yadda zan faɗi inda ta yi abin a yaba, kuma ma'aikatanta mutane ne masu neman halalinsu. Abin da nake fata shi ne mai karatu ya samu ma'aunin da zai ɗora kowace irin wannan cibiya a kai, ranar da Allah Ya jarrabe shi da jinyar wani nasa.

Kawu ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi da gyaɗa, ya haura shekara sittin, kuma kafin wannan lalura ban taɓa ganin ya kwana a gadon asibiti ba. Ciwon ya fara ne da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, sai abinci ya fita daga ransa, sannan rama ta biyo baya, har babbar rigar da yake sawa ranar Juma'a ta koma tana yi masa yawa a kafaɗa. An sha maganin gyambon ciki, an sha na taifot, an kuma sha jiƙe-jiƙen shawara da 'yan uwa suka yi ta kawowa, ba a ga sauƙi ba. Da aka yi masa sikanin na farko a Daura, sai aka ga ƙari a ɓangaren dama na hanta, likitan da ya duba shi kuma ya rubuta mana takarda, ya ce mu je Katsina a yi hoton siti-sikan, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, da wasu gwaje-gwajen jini.

Duk wanda ya ji labarin a lokacin, har da masu ilimin lafiya a cikin dangi, hankalinsa ya tafi ne ga sankarar hanta da aka saba gani, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin hantar kansu. Suna da hujja. Ita ce ta fi yawa a cikin sankarorin da ke farawa daga hanta, kuma manyan dalilanta biyu suna nan tare da mu a ƙasar Hausa. Na farko shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi, kuma sai a shekarar 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran da ake yi wa jarirai a ƙasar nan, wato mutanen zamanin Kawu ba su same shi ba. Na biyu shi ne gubar afalatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, ga shi kuwa Kawu ya yi rayuwarsa a tsakanin buhunan gyaɗa. Da a ce an tsaya a kan wannan zato, da an yi masa magani a kan cutar da ba ita ke damunsa ba.

Zuwanmu na farko bai yi daɗi ba, kuma laifin na cibiyar ne. Na kira lambarsu kwana biyu kafin mu taso, na karanta wa wadda ta ɗauka abin da likita ya rubuta, ta ce mu zo da safe kada ya ci komai. Ba ta gaya mini cewa hoton yana buƙatar a ɗura masa wani ruwa ta jijiya ba, wanda ke haska hanyoyin jini, kuma ba a ɗura shi sai an fara auna lafiyar ƙoda, domin ƙoda ce ke tace shi. Mun baro Daura bayan sallar asuba, muka bi ta Mashi, tafiyar kimanin kilomita 80 da mara lafiyar da kowane ramin hanya yake ji a cikinsa, muka isa, sai a lokacin aka ce sai an ɗebi jini an jira sakamako. Kafin sakamakon ya fito layin ranar ya cika. Dole muka kwana a gidan wani ɗan uwa a wajen Ƙofar Ƙaura, Kawu kuma ya sake kwana da yunwa domin washegari. Sharaɗin auna ƙodar daidai ne, kuma na yaba da ba su yi sakaci da shi ba domin su karɓi kuɗinmu da wuri. Amma jimla ɗaya a waya ta isa ta sa mu yi wannan gwaji tun a gida.

Wurin kansa yana da tsabta, har da banɗakunansa, akwai ruwan alwala da ɗan wurin salla, kuma idan wuta ta ɗauke janareta na tashi ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai ɗakin jiran an tsara shi ne domin masu lafiya. Kujerun ƙarfe ne a jere, babu ko benci guda da mai ciwon ciki zai kishingiɗa, har sai da na shimfiɗa wa Kawu dardumar mota a wani lungu kusa da ƙofa. Wani mai gadi dattijo ya kawo masa matashi daga ɗakinsa ba tare da an roƙe shi ba, ya ce, “Sannu Alhaji, Allah Ya sa kaffara ne.”

Sakamakon farko ne ya fara rushe zaton da muka zo da shi. Gwajin jini ya nuna Kawu ba ya ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, sinadarin AFP, wanda yakan hau a yawancin masu sankarar hanta da aka saba gani, yana daidai, wani kuma da ake kira CA 19-9, wanda ake dangantawa da bututan maɗaciya, ya ɗan ɗaga. Likitan hoto ya kira ni ofishinsa ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Ya bayyana mini cewa sankarar da aka saba gani tana da wata ɗabi'a a hoto: tana shan ruwan da aka ɗura da sauri ta yi haske, sannan ta sake shi kafin sauran hanta, ta koma duhu. Idan aka ga haka a hantar da ta riga ta ƙeƙashe, sau da yawa ba a ma buƙatar taɓa nama. Ƙarin Kawu bai yi haka ba, gefensa ne kawai ya ɗauki haske, tsakiyarsa ta mutu, sauran hantar kuma lafiya lau take. Ya ce, “Malam, hoto ya kai iyakarsa. Sai an ɗebo ɗan nama an duba.”

A nan ne rigima ta tashi a gida. Mahaifiyata da matan Kawu suka ce ba su yarda ba, domin kowa ya san maganar da ake yi cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ban raina tsoronsu ba, domin sun ga mutanen da aka taɓa, ba a daɗe ba suka rasu, ko da yake abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yawancinsu sun isa asibiti ne bayan cutar ta riga ta yi nisa. Na koma da mahaifiyata wurin likitan, kuma yadda ya amsa mata na daga cikin abubuwan da suka sa nake girmama wannan cibiya. Bai yi mata dariya ba, bai kuma ce maganar ƙarya ce tsagwaronta ba. Ya ce, “Hajiya, akwai ɗan haɗari, ba zan ɓoye miki ba. Yakan faru a wasu 'yan tsiraru ƙwayoyin cutar su bi sawun allurar, yakan faru kuma a yi zubar jini, shi ya sa ba ma yin wannan aiki sai ya zama dole. Amma idan ba mu san sunan cutar ba, duk maganin da za a ba ɗan uwanki harbi ne a duhu.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a tambayi mai jikin. Kawu ya ce a yi, da sunan Allah.

Ranar ɗibar naman an fara da auna yadda jininsa ke daskarewa, domin hanta gaɓa ce mai yawan jini. An bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. An kwantar da shi rigingine, hannunsa na dama a ƙarƙashin kansa, aka goge wurin da magani mai ruwan ƙasa, aka yi masa allurar kashe zafi a tsakanin haƙarƙari. Likitan yana riƙe da kan na'urar sikanin da hannu ɗaya yana kallon allo, ɗaya hannun kuma yana tura wata doguwar allura, yana cewa, “Baba, ku ja numfashi, ku riƙe, kada ku saki sai na ce.” Sai na ji ƙara ƙas, kamar an ɗana tarkon ɓera. Sau uku aka yi haka, kuma na lura kowane karo yana ɗan sauya inda allurar ta dosa, yana guje wa tsakiyar da ta mutu. Abin da ya fito bai fi zaren ɗinki kauri ba, tsawonsa kuma bai kai gaɓar yatsa ba. Ma'aikaciyar jinya ta saka su nan take a wata 'yar kwalba mai ruwan fomalin, wanda ke hana nama ruɓewa, ta rubuta suna da shekaru da ranar a jikinta, ta karanta mini da ƙarfi, ta ce in tabbatar daidai ne kafin ta rufe. Daga nan aka kwantar da shi a kan gefensa na dama na wasu sa'o'i, ana zuwa ana auna hawan jininsa da bugun zuciyarsa.

Wannan karanta suna da ƙarfi ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya san yadda kwalabe ke taruwa a ɗakin gwaji zai gane darajarsa. Saurin jefa naman a fomalin shi ma haka yake, domin naman da aka bari ya bushe, ko aka saka shi a ruwan da bai dace ba, yakan lalace ta yadda gwaje-gwajen da za su biyo baya ba za su faɗi gaskiya ba. Bayan ya jiƙu a fomalin, ana tsane ruwan jikinsa, a binne shi a cikin wani ɗan dunƙulen kaki, a yanko shi falle-falle da wata na'ura, kowane falle ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sannan likitan nazarin nama ya duba a madubin ƙara girma.

Bayan kwana takwas aka kira ni, amma ba domin in karɓi sakamako ba. Likitan nazarin naman, wanda yake zuwa cibiyar wasu ranaku a mako, shi ne ya nemi ganina. Mutum ne mai sanyin magana, gilashinsa a saman hanci, teburinsa cike da faranta masu jeren gilasai. Ya ce zai iya rubuta mini takarda a ranar in tafi da ita, amma ba zai yi ba, kuma yana so in ga dalili da idona. Ya matsa ya ba ni wuri a gaban madubin. Da farko ban ga komai ba sai launuka, sai ya yi ta juya wani ɗan maɓalli har abin ya fito sarari. A zare biyu na farko ƙwayoyin sun jeru ne zobe-zobe, kowane zobe da rami a tsakiya, kamar an yanka kara a gicciye, a cikin wasu ramukan kuma akwai wani abu fari-fari mai kama da majina. Ya ce wannan shi ne adenokasinoma, sankarar ƙwayoyin da aikinsu shi ne shimfiɗe cikin bututu da fitar da ruwa mai yauƙi, kuma a hanta irinta takan taso ne daga ƙananan bututan da ruwan maɗaciya ke bi. Sannan ya sauya gilashi, ya kai ni can ƙarshen zare na uku. A nan babu zobe ko ɗaya. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu duhu, cunkushe a jikin juna kamar gero a ƙwarya, da yawansu suna tsakiyar rabuwa gida biyu. Ya ce, “Malam, waɗannan ba 'yan gida ɗaya ba ne da na farko. Idan na rubuta abin da ya fi yawa na yi shiru a kan wannan ɗan lungu, na cuci Baba.”

Abin da yake zargi wata sankara ce da ba kasafai ake ganinta ba, mai fuska biyu a cikin ƙari guda. Fuska ta biyun ta fito ne daga jinsin ƙwayoyin da ake kira niyuro-endokirin, waɗanda suke da wasu siffofi na ƙwayoyin jijiya, suke kuma iya fitar da sinadaran homon masu kai saƙo a jiki ta cikin jini, suna warwatse a hanji da tumbi da huhu da fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2010 na sankarorin gaɓoɓin narkar da abinci, an kira irin wannan gauraye MANEC. Daga baya aka faɗaɗa sunan ya koma MiNEN, da farko a kan fankiriyas a 2017, sannan a kan dukkan gaɓoɓin narkar da abinci a 2019, domin an gane cewa abokin gaurayen ba kullum yake zama adenokasinoma ba; a hanta ma wani lokaci sankarar da aka saba gani ce ke haɗuwa da ɓangaren niyuro-endokirin. Sharaɗin wannan suna shi ne kowane ɓangare ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙarin. An fi samun irin wannan gauraye a babban hanji da tumbi da wasu sassan hanyar abinci. Farawarsa daga cikin hanta kuwa abu ne mai wuyar samu ƙwarai, har yawancin abin da likitoci suka sani a kansa sun tattaro shi ne daga rahotannin marasa lafiya ɗaiɗaiku.

Ido da launi biyu kaɗai ba su isa su tabbatar da wannan ba. Ana buƙatar wani rini na musamman, wanda kowane nau'insa yake kama furotin guda ɗaya tak, ya bar masa launin ƙasa-ƙasa a inda ya same shi. Cibiyar ba ta yin wannan aiki da kanta, kuma ta faɗa mini haka ƙarara, ba ta yi da'awar abin da ba ta iyawa ba. Tana aika dunƙulen kakin ne zuwa wani ɗakin gwaji a wani gari, ta karɓo gilasan, likitanta ya karanta. An ce mini kwana goma.

Kwana goman nan sun zama kwana ashirin da uku, kuma a nan ne babban ƙorafina yake. Na fahimci cewa jinkirin ba duka daga gare su yake ba, domin daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin sinadaran rinin ya ƙare a can, sai da aka jira aka kawo. Abin da ban karɓa ba shi ne shirun. Babu wanda ya kira ni ko sau ɗaya ya ce ga halin da ake ciki. Ni ne nake kira, kowane karo a ce mini “bai fito ba tukuna, a ƙara haƙuri,” ba tare da dalili ko sabuwar rana ba, har sau biyu na hau mota na zo Katsina da kaina domin in ji daga bakin wani. A cikin waɗannan makonni idanun Kawu suka fara yin rawaya, barci ya ƙaurace masa, masu cewa ai dama an gaya muku kada a taɓa shi da ƙarfe suka samu abin faɗa. Iyalin da ke jiran irin wannan sakamako suna ƙidaya kwanaki ne da yatsa, kuma cibiyar da ke da lambar wayarsu a rubuce a littafinta ba ta da uzurin barin su cikin duhu. Ga cutar da ɓangarenta ɗaya ke saurin girma, jinkirin makonni biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Da gilasan suka iso, zargin likitan ya tabbata. Ɓangaren zobban ya kama rinin CK7 da CK19, waɗanda suka dace da ƙwayoyin bututan maɗaciya. Ɓangaren cunkusassun ƙwayoyin ya kama sinaftofaisin da kiromogiranin, alamomin da aka fi dogara da su wajen gane niyuro-endokirin. Rinin da ke nuna ƙwayoyin hanta na asali bai kama ko'ina ba, wanda ya kore sankarar da muka fara zato. Sai kuma Ki-67, ma'aunin yawan ƙwayoyin da ke cikin rabuwa: idan ya haura kashi 20 cikin 100 ana ɗaukar ƙarin a matsayin mai babban mataki, na Kawu kuwa a wannan ɓangare ya wuce haka da nisa. Duk da wannan, likitan bai rubuta sunan cutar a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Ya rubuta cewa abin da aka gani ya dace da ita, ya kuma ƙara da cewa ba za a iya auna kashi 30 ɗin nan da zare uku na allura ba, sai an ciro ƙarin gaba ɗaya. A lokacin na so a ce ya yanke magana kawai, amma da na kai takardar wurin likitan sankara, wannan jimlar ce ya ɗora yatsa a kanta ya ce wanda ya rubuta ta ya san aikinsa.

Takardar ta kuma ba da shawarar a bincika wasu gaɓoɓi kafin a ce cutar daga hanta ta faro, domin hanta ita ce mazaunin da sankarorin niyuro-endokirin na hanji da fankiriyas suka fi yaɗuwa zuwa gare shi, kuma abin da ya zo mata daga waje ya fi wanda ya taso daga cikinta yawa nesa. Saboda haka aka zura wa Kawu na'urar leƙa tumbi ta baki, aka leƙa babban hanji, aka yi hoton ƙirji. Hoton ƙirjin a cibiyar aka yi, sauran a wani asibiti, kuma ba a ga tushe a ko'ina ba.

Amfanin duk wannan wahala ya bayyana ne a zaɓin magani. Sankarar bututan maɗaciya an fi yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da jemsitabin haɗe da sisfilatin, ita kuwa sankarar niyuro-endokirin mai babban mataki an fi yi mata da etofosaid haɗe da sisfilatin ko kabofilatin, kuma idan suka gauraya likitoci sukan fuskanci ɓangaren da ya fi zafi, domin shi ne ke jan ragamar cutar. Da likitan nazarin naman ya rubuta abin da ya gani a zare biyun farko ya sallame ni a rana ta takwas, da na tafi ina yabon saurin cibiyar, da kuma an ɗora Kawu a kan maganin da ya bar ɓangaren da ya fi haɗari yana cin karensa babu babbaka.

Yadda aka miƙa mini sakamakon kuwa bai dace da ingancin aikin da ke cikinsa ba. A kan kanta aka ba ni ambulan, a gaban jama'a, aka ce in sa hannu a littafi, kamar mai karɓar sakamakon gwajin zazzaɓin cizon sauro. Takarda ce shafi biyu da Turancin likitoci, kuma ranar ba ranar zuwan likitan ba ce. Na zauna a mota na karanta ta sau uku ina fahimtar rabi ina tsoron rabi. Ni na yi makaranta, na kuma riga na leƙa madubin. Ina tunanin manomin da zai zo daga Mai'aduwa ko Zango a miƙa masa irin wannan ambulan ya koma gida da ita. Ya kamata cibiyar ta mayar da shi ƙa'ida cewa duk sakamakon da ya nuna sankara sai a ɗaki za a bayar da shi, daga hannun wanda zai iya yin bayani da Hausa. Da muka dawo ranar da likitan yake nan, ya gyara wannan kuskure gwargwadon iko. Ya gaishe da Kawu, ya tambaye shi, “Baba, kuna so in yi muku bayani duka, ko in yi wa ɗanku shi ya isar muku?” Dangi sun so a ɓoye masa, amma Kawu ya ce shi mai iyali ne, akwai amanar mutane a hannunsa, a faɗa masa. Likitan ya faɗa masa a hankali, bai yi masa alƙawarin warkewa ba, bai kuma yanke masa ƙauna ba, ya ce cuta ce mai tsanani amma akwai maganin da ake sa ran zai rage ƙarfinta, akwai kuma maganin raɗaɗi da bai kamata ya yi dauriyar rashinsa ba. Kawu ya ce, “Alhamdu lillahi ala kulli halin. Na gode, likita, da ba ka ɓoye mini ba.”

Batun kuɗi ba shi da sauƙi. Hoton da ɗibar naman suna da tsada, rinin na musamman kuma ya fi su duka, domin kowane nau'i da kuɗinsa, har sai da aka sayar da buhunan gero da Kawu ya ajiye domin bazara. Ban ga alamar an cuce mu ba, kowane biya an ba mu rasit, kuma likitan ya zaɓi rinin da suka zama dole ne kawai ya bar sauran. Amma kuɗin sun riƙa zuwa mana ne kashi-kashi, kowane mataki da sabon lissafi, alhali da an zaunar da mu tun farko an ce ga abin da mai yiwuwa za a buƙata, da mun shirya ba tare da rance cikin gaggawa ba.

Duk da waɗannan ƙorafe-ƙorafe, idan wani nawa ya sake buƙatar a ɗebi nama a duba, can zan kai shi, saboda hannun mai riƙe allurar da idon mai duba gilashin. Sai dai zan tambayi abubuwa tun a waya: ko akwai gwajin jinin da za a yi kafin a zo, ko rinin na musamman a nan ake yi ko aikawa ake, wace rana likitan nazarin nama yake zama, da kuma wanda zan kira da sunansa idan ranar da aka ɗiba ta wuce. Zan kuma nemi a ba ni dunƙulen kakin da gilasan da faifan hoton, domin haƙƙin mara lafiya ne, kuma duk asibitin koyarwa da za a je, a Katsina ko Kano ko Zariya, suna iya neman su sake dubawa da kansu. A wannan fanni cibiyar ba ta ja mana rai ba ko kaɗan. Na rubuta buƙata a takarda, washegari aka miƙo mini ɗan kwali, a ciki akwai dunƙule biyu masu lamba da gilasai a jere cikin auduga, aka ce in kiyaye su daga zafin rana kada kakin ya narke.

Yanzu Kawu ya karɓi zagaye na uku na kemo, ana yi masa duk bayan mako uku. Rawayar idonsa ta ragu, yana shan kunu da ɗan tuwo mai laushi, gashin gemunsa ya zube, ranakun da suka biyo bayan ƙarin ruwan kuma suna yi masa nauyi sosai. Likitocin tiyata sun ce za su sake duba ko ƙarin ya ja baya har a iya yanke ɓangaren hantar da yake ciki, kuma hakan na buƙatar sabon siti-sikan. Na riga na kira cibiyar na karɓi rana, wannan karon kuma an yi gwajin ƙodar a Daura, takardar tana cikin jakata tare da ɗan kwalin.